Ƙurar asbestos: yadda leburorin Afirka ta Kudu suka bi haƙƙinsu har birnin Landan

Duk ɗan kasuwar da ke safarar kayan gini tsakanin Kano da Maraɗi, ko tsakanin Sakkwato da Birnin Ƙonni, ya san wannan falle mai launin toka da ake yin silin ko rufi da shi, wanda a bakin ƴan kasuwa ake kira asbestos, masu karatun Faransanci kuma ke ce masa amiyant. Mun ga ana loda shi a mota, mun ga ƴan dako na sauke shi a ka, mun ga kafinta na yanka shi da zarto, farar ƙura na tashi tana rufe masa gashin ido. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a kan wannan ƙura an yi shekara shida ana tafka shari'a a Ingila, tsakanin wani babban kamfani da talakawa 7,500 na ƙasar Afirka ta Kudu, waɗanda ɗaruruwa daga cikinsu suka cika kafin a biya su ko sisi.

Shi dai asbestos ba haɗa shi ake yi a masana'anta ba. Dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, wanda in an fasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓa, ba ya tsatsa, ga araha. Shi ya sa Turawa suka riƙa cuɗa shi da siminti suna yin fallen rufi da bututun ruwa, suka sa shi cikin takalmin birki da faifan kuloci na motoci, suka naɗe tukwanen jiragen ruwa da shi. Iri uku ne suka fi shiga kasuwa: akwai fari, akwai mai ruwan ƙasa, akwai shuɗi. Dukkansu suna kisa, amma shuɗin ya fi saurin kai mutum kushewa, kuma mafi yawan shuɗin da duniya ta yi amfani da shi, tare da kusan dukkan mai ruwan ƙasar, daga Afirka ta Kudu suka fito.

Matsalar tana cikin zaren. Ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, har ido ba ya ganinsa. In mutum ya shaƙe shi sai ya wuce can ƙarshen huhu ya maƙale, tari ba ya fitar da shi, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Nan zai zauna shekara da shekaru yana yi wa huhu rauni. Wani huhunsa zai yi tabo ya ƙandare, har hawan ɗan tudu ya gagare shi; wannan ita ce cutar da likitoci ke kira asbestosis. Wani sankarar huhu za ta kama shi, musamman in mai shan taba ne, don taba da asbestos in suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi. Wani kuma sankara ce za ta kama siririn tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, ita ce mesoteliyoma, wadda har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, kuma akasarin waɗanda aka gano suna da ita ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne jinkirin cutar: tana iya ɗaukar shekara 20, ko 30, har 50 kafin ta bayyana. Yaron da ya shaƙi ƙurar yana ɗan shekara 15 sai ya yi jikoki sannan numfashi ya fara yi masa gardama, a lokacin kuwa wanda ya sa shi aikin ya daɗe da kwashe ribarsa ya ƙara gaba.

Sun sani tun da daɗewa

Kamfanin da aka kai ƙara sunansa Cape. An kafa shi a Landan a 1893 don haƙar shuɗin asbestos a yankin Prieska, wani gari da ke bakin kogin Orange a lardin da yanzu ake kira Northern Cape. Babbar mahaƙarsa a wannan yanki ita ce ta Koegas. A 1925 ya ƙara da mahaƙar Penge, can arewa maso gabas, inda ake samun mai ruwan ƙasa. Daga nan ake cika buhuna a kai tashar jiragen ruwa, a wuce da su masana'antun Turai da Amurka.

Shin masu kamfanin sun san abin da ƙurar ke yi? A ganinmu wannan tambaya ba ta da wuyar amsawa. Tun a 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos a garin Rochdale na Ingila, mai suna Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, likitan da ya binciki gawarta kuma ya tarar huhunta cike da zaren. Kamfanin da ta yi wa aiki, wanda ba Cape ba ne, ya ƙi biyan diyya, aka binne ta a kabarin matalauta. Amma mutuwarta ta sa aka fara bincike, har gwamnatin Ingila ta kafa dokar rage ƙura a masana'antun asbestos a 1931. Ke nan tun daga wannan shekara babu wani mai wannan sana'a a Landan da zai ce bai ji ba, bai gani ba.

Dokar ta tsaya a Ingila, ba ta ƙetare teku ba. A 1949 wani likitan gwamnatin Afirka ta Kudu, Gerrit Schepers, ya kai ziyarar aiki mahaƙar Penge. Abin da ya ba da labarin ya gani shi ne ƙananan yara a cikin manyan buhuna suna tattaka asbestos da ƙafa don ya danne, ana zubo musu shi daga sama ta kawunansu, ga mai gadi tsaye da bulala. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsu sai aka tarar wasu sun riga sun kamu da asbestosis tun ba su kai shekara 12 ba.

A yankin shuɗin asbestos kuwa, iyali guda ake aikin. Maigida ya shiga rami ya fito da dutse, matarsa ta zauna da guduma tana fasawa tana ware zaren, goyo a bayanta, sauran yara na taya ta tsinta. Sau da yawa maigidan kaɗai ake biya bisa nauyin abin da suka kawo, sunan matar da na yaran ba ya cikin littafin kowa. Mu riƙe wannan batu, don zai dawo mana a gaba. Tarin dusar da ta rage kuma a bakin gari ake jibge ta, iska ta kwasa ta watsa cikin gidaje, yara su yi wasa a kai, mutane su ɗiba su yi bulo da daɓen tsakar gida.

Tarin fuka da ba ya jin magani

Yadda aka gano alaƙar ƙurar da mesoteliyoma abin lura ne ga duk wanda ya taɓa jinyar mai tari. A shekarun 1950 wani likita mai suna Sleggs yana shugabantar asibitin masu tarin fuka a birnin Kimberley. Sabbin magungunan tarin fuka sun iso, marasa lafiya na warkewa suna komawa gida. Amma sai ya lura akwai wasu masu ruwa a ƙirji da maganin ba ya yi musu komai, mutuwa kawai suke yi, kuma kusan dukkansu daga yamma da Kimberley suke zuwa, wato daga yankin mahaƙun. Shi da wani likitan binciken gawa mai suna Chris Wagner da abokin aikinsu Marchand suka bi diddigin abin. A 1960 suka buga sakamakon: cikin mutum 33 da suka samu da wannan sankara, 32 sun yi mu'amala da shuɗin asbestos. Kuma da yawansu ba su taɓa aiki a mahaƙa ba. Zama kawai suka yi kusa da ita, wasu ma tun suna yara suka bar wurin.

Bayan wannan bincike ba a rage haƙa ba, ƙaruwa ma ta yi. A 1977 Afirka ta Kudu ta kai ƙololuwa da kimanin tan 380,000 a shekara. Kamfanin Cape bai bar ƙasar ba sai a 1979, inda ya sayar da mahaƙunsa ya tattara ya koma gida. Akwai dokar diyya ta masu aikin ma'adinai a ƙasar, ta 1973, amma zamanin mulkin wariyar launin fata ne: abin da ake biyan baƙar fata bai kama ƙafar abin da ake biyan Bature mai irin cutarsa ba, kuma ba a daidaita su ba sai gab da faɗuwar mulkin a farkon shekarun 1990. Su kuwa leburorin da suka zo daga Lesotho da Botswana da Malawi da Mozambik, da ciwo ya kama su sai su koma ƙauyukansu, can su mutu ana cewa tarin fuka ne ko sammu.

Shekara uku ana gardamar inda za a zauna

A 1997 mutum biyar suka shigar da ƙara a babbar kotun Landan ta hannun wani ofishin lauyoyi mai suna Leigh Day, ƙarƙashin jagorancin lauya Richard Meeran. Hujjarsu ita ce, uwar kamfanin da ke Landan ita ke juya akalar mahaƙun, ta san haɗarin, ba ta kare su ba. Kamfanin bai tsaya ma a kan ko ya yi laifi ko bai yi ba. Abin da ya riƙe shi ne: tunda a Afirka ta Kudu abin ya faru, can ya kamata a yi shari'ar. Dabara ce wadda duk wanda ya taɓa bin bashi a ƙetaren iyaka zai gane. Ka je wa mutum a garinsa ya ce ka koma inda kuka yi cinikin, a can kuwa ba shi da ko tabarma da alƙali zai kama.

Kotun farko ta ba kamfanin gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta warware a 1998. Da jin haka sai kusan mutum 2,000 suka ƙara shigowa a farkon 1999, kamfanin ya sake tayar da gardamar, a wannan karo kuma kotunan biyu duka suka goya masa baya. Aka wuce gaban alƙalan Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar. Gwamnatin Afirka ta Kudu da kanta ta aiko da bayani tana goyon bayan ƴan ƙasarta. Ranar 20 ga watan Yuli na 2000 alƙalai biyar suka yi ittifaƙi cewa a Ingila za a yi shari'ar, saboda a Afirka ta Kudu masu ƙarar ba za su samu kuɗin lauya ko na ƙwararrun likitoci masu ba da shaida ba, mayar da su can kuwa daidai yake da hana su adalci. A lokacin yawansu ya haura 3,000, bayan hukuncin ya kai 7,500.

A watan Disamba na 2001 aka sanar da sulhu: Cape zai zuba fam miliyon 21 cikin wani asusu. Aka yi murna a Prieska da Penge. Watanni suka wuce, kuɗi bai zo ba, kamfanin ya ce yana cikin matsin kuɗi. Aka koma kotu, aka kuma jawo wani kamfanin ma'adinai na Afirka ta Kudu mai suna Gencor, wanda shi ma yake da hannu a mahaƙun asbestos. Shi Gencor a lokacin yana shirin raba dukiyarsa ga masu hannun jari ya rufe, sai wani lauya ɗan ƙasar, Richard Spoor, ya garzaya kotu don a hana rabon kafin a ware haƙƙin marasa lafiya. Wannan ne ya tilasta zaman sulhu na watan Maris na 2003. Cape ya biya fam miliyon 7 da rabi, Gencor ya ƙara wa masu ƙarar kimanin fam miliyon 3, sannan ya zuba ɗaruruwan miliyoyin rand aka kafa asusun Asbestos Relief Trust don tsofaffin ma'aikatan mahaƙunsa da waɗanda suka zauna kusa da su. A 2006 aka kafa asusu na biyu, Kgalagadi Relief Trust, da kuɗin masu kamfanin Eternit na ƙasar Suwizalan, don leburorin wasu mahaƙu na yankin Kuruman.

Ƴan kasuwa sun fi mu iya lissafi, don haka mu yi shi tare. Fam miliyon 10 da rabi a raba wa mutum 7,500, kowa zai tashi da kimanin fam 1,400, wanda a canjin wancan lokaci bai wuce sefa miliyon ɗaya da ƴan kai ba. Ba daidai aka raba ba, mai sankara ya fi mai tabon huhu samu, amma matsakaicin ke nan. Ga kuma abin kwatance. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da hukunci a kan wannan kamfani na Cape, a ƙarar wani Bature da ya yi aiki a wata masana'antar reshensa kusa da Landan tsakanin 1959 da 1962 ya kamu da asbestosis. Diyyarsa shi kaɗai ta kai kimanin fam 120,000. Kamfani ɗaya, ƙura ɗaya, huhu iri ɗaya.

Duk da haka ba za mu ce shari'ar ta tashi a banza ba. Ita ta buɗe ƙofar da wasu suka bi daga baya, suka kai uwayen kamfanoni ƙara a ƙasashensu kan ɓarnar da rassansu suka yi a Afirka. Sai dai kuɗin Cape biya ɗaya ne: wanda cutarsa ta bayyana bayan an rufe littafi bai samu komai daga gare shi ba. Aikin binne tarin dusar da aka bari kuwa ya faɗa wuyan gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda ta haramta asbestos baki ɗaya a 2008.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Faransa ta haramta shi a 1997, sannan a ƙarshen 2000 ta yi dokar kafa asusun FIVA, mai biyan diyya ba tare da sai mara lafiya ya shiga kotu ba. A Italiya kuwa shari'ar laifi aka yi. A 2012 wata kotu a birnin Turin ta yanke wa attajirin Suwizalan Stephan Schmidheiny, tsohon mai kamfanin Eternit, ɗaurin shekara 16 saboda mutanen da ƙurar masana'antunsa ta kashe, musamman a garin Casale Monferrato. A 2014 kotun ƙoli ta soke hukuncin, ba don ta wanke shi ba, sai don wa'adin tuhumar ya wuce.

Ina ruwan ɗan kasuwar kan iyaka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda asbestos da suka shaƙa a wurin aiki. Fiye da ƙasashe 50 sun haramta shi. Amma har yanzu ana haƙar farin a Rasha da Kazakistan da Sin da Barazil, sama da tan miliyon ɗaya a shekara, Indiya kuma na kan gaba wajen saye. In masu arziki suka rufe ƙofarsu, haja kasuwar talakawa take nufa, wannan kowane ɗan kasuwa ya sani.

Mu nan ba mu da mahaƙa irin ta Koegas. Amma shekaru da dama masana'antu a Legas da Inugu da Sapele da Kano da Bauci sun yi fallen rufi da silin da bututu na siminti mai asbestos, kayan kuma sun ƙetaro iyaka ta hanyoyin da muka sani, suna nan a kan tsofaffin makarantu da asibitoci da barikoki da rumfunan kasuwa. Manyan kamfanonin da dama sun daina sa shi tun farkon shekarun 2000, suka koma wani zare marar lahani, amma sunan ya zauna a baki. Saboda haka ba duk abin da ake ce wa asbestos a kasuwa yau ke ɗauke da shi ba, kuma da ido ba a bambancewa. Fallen da ya fito daga Turai in an buga masa haruffan NT, to ba shi da shi. Sauran kuwa sai dai mai saye ya nemi takardar kaya daga wanda ya sayar masa, kuma haƙƙinsa ne ya nema. Tsohon falle da aka ɓamɓaro daga ginin shekarun 1970 ko 1980 ana sayarwa gwanjo, gara a ɗauka yana da shi.

Falle da ke zaune lafiya a kan rufi, bai fashe ba, bai ruɓe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana wajen yanka, da huda, da gogewa, da fasawa, da share ƙurar a bushe. Injin yanka mai lantarki ya fi komai tayar da ita. Wanda ya zama dole ya taɓa, ya jiƙa fallen da ruwa, ya kwance shi ɗungurungum kada ya farfasa, ya goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ya kori yara daga wajen. Rawani ko ƙyallen rufe hanci na kasuwa ba sa tare wannan zare, sai abin rufe hanci na musamman mai matata. Kayan aikin kuma kada a kai su gida a kakkaɓe a tsakar gida, don a Turai da Afirka ta Kudu mata da yawa sun mutu ba su taɓa shiga masana'anta ba, wankin kayan mazajensu kawai suka yi. Makanikai su ma su daina hure ƙurar birki da baki ko da injin iska. Tarkacen kuma ba na cike rami a ƙofar gida ba ne.

Sai batun takarda, wanda muka ce zai dawo. Lokacin da asusun diyya ya fara biya a Afirka ta Kudu, abu biyu ake nema: shaidar likita cewa cutar ta asbestos ce, da shaidar cewa mutum ya yi aiki ko ya zauna a wurin a shekarun da aka ƙayyade. Nan ne matan da suka yi shekaru suna fasa dutse ba a rubuta sunansu ba, da baƙin leburorin da suka koma ƙasashensu, suka sha wahala. A Nijar asusun CNSS na da sashen haɗurran aiki da cututtukan sana'a, a Nijeriya kuma dokar 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don irin wannan rana. Amma dukkansu ma'aikacin da aka yi wa rajista suka sani. Ɗan dakon Jibiya ko na Ɗan Isa, da magini mai aikin yini, da yaron shago, ba sa cikin littafin kowa.

Wanda ya taɓa aiki a masana'antar falle, ko ya daɗe yana yanka shi, ya adana duk wata takarda da ke hannunsa: katin aiki, takardar albashi, ko da tsohon hoto ne a bakin aiki, ya kuma riƙe sunayen waɗanda suka yi aikin tare. In ya fara haki, ko ciwon ƙirji da rama, ya je asibiti a gwada tarin fuka, don shi ya fi yawa a wajenmu kuma yana da magani. Amma in an sha maganin har ƙarshe ba sauƙi, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi shekara 20 ko 30 da suka wuce, ya nemi a ɗauki hoton ƙirjinsa, a kuma rubuta sana'ar tasa a cikin katin asibiti.